Regayar Mushtari

Goggona ba ta taɓa ɗora shinkafar gida a wuta ba ta rege ba, ko da kuwa baƙi sun cika zaure suna hamma. Takan zauna kan kujera 'yar tsugunno, ƙwarya biyu a gabanta, ɗaya da shinkafa da ruwa, ɗaya wayam. Sai ta ɗan karkata ta farkon, ta shiga juya ta a hankali, ruwa na kai da komo, ƙwayoyi na gangarowa ta baki kaɗan-kaɗan suna faɗawa cikin ta biyu. Tsakuwa ta fi shinkafa nauyi, saboda haka ita ke kwantawa a gindi. In an zo ƙarshe, ɗan abin da ya rage sai ta ƙara masa ruwa ta sake, ta kuma sakewa, har ta ɗaga ƙwaryar ta nuna maka ɗan yashi da tsakuwa uku ko huɗu, waɗanda da sun shiga tukunya da wani ya yi asarar haƙori. Duk wanda ya tashi a Wushishi ya san wannan aikin. Shinkafar fadamar kogin Kaduna a ƙasa ake bugunta, a ƙasa ake shanya ta, ba ta rasa ɗan guzurin da ta ɗebo.

Shekara da shekaru ina kallon ƙwaryar nan ban ɗauke ta a bakin komai ba, sai a farkon Disamban 2024. Na zo gida hutu da wani kaya da ya sa yaran unguwa suka biyo mota har ƙofa: madubin hangen nesa da na saya na hannu, mai kama da turmin da aka ja ya yi tsawo. A can gindinsa akwai madubi mai ɗan lotsawa, faɗinsa santimita 20, irin ƙirar da Ishaku Niyuton ya fito da ita a 1668. Akwai kuma ƙafa mai ɗan inji, da wata kyamara da ba ta fi murfin kwalbar man shafawa ba. Niyyata ɗaya ce, in ɗauki hoton Mushtari.

Mushtari ita ce duniyar da ake kira Jupita a rediyo. Sunan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malaman hisabi sun daɗe da sanin Mushtari da Zuhal da Mirrihi da Uɗarid ta hanyar littattafan Larabci, kuma tun ƙarni na 18 wani Bakatsine, Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafi da taurari. Zara kuwa ko yaro ya san ta. A makon da na iso ma tana yamma bayan magariba, ga jinjirin wata a gefenta, har Goggo ta ce matar wata ta fito raka maigida. Mushtari na fitowa daga gabas a daidai lokacin, ƙasa kaɗan da Kaza da 'Ya'yanta, fes da ita, ba ta ƙyaftawa. Ran 7 ga watan duniyarmu ta ratsa tsakaninta da rana, wato lokacin da take fi kusa da mu a shekara, kimanin kilomita miliyan 612.

Kusa ɗin kenan. Faɗin Mushtari ya ninka na duniyarmu sau goma sha ɗaya, amma daga nan girmanta a ido bai wuce na ƙwallon ƙafa da aka ajiye a nisan kusan kilomita ɗaya ba. Shahararren jan tabon nan nata, guguwar da aka fi shekara ɗari da hamsin ana kallonta tana juyawa, kamar murfin kwalba ne a jikin ƙwallon. Abin da mai wannan sha'awa ke nema kenan, ya tsaya a bakin kasuwa ya ɗauki hoton murfin kwalba a can ƙarshen gari, har a ga launinsa.

Daren farko na kafa kayana a tsakar gida. Na sha wahala kafin in saita ƙafar, domin dole a daidaita ta da tauraruwar arewa, ita kuwa a Wushishi digiri goma kacal take ɗagawa daga ƙasa, tana maƙale tsakanin hazo da bishiyar mangwaron maƙwabta. In ba a saita ba, juyawar duniya kan janye abin da kake kallo ya fice daga madubi cikin ƙasa da minti ɗaya. Da na samu Mushtari ta shigo fuskar kwamfuta sai na danna, na ɗauki hoto. Abin da ya fito curin fura ne da aka fara damawa aka bari. Na sake. Wannan karon ƙwai ne da aka fasa a kasko. Na ɗauki ashirin, babu biyu da suka yi kama da juna, babu kuma ɗaya da zan iya nuna wa mutum in ce duniya ce.

Goggo ta leƙo ta kafaɗata, ta daɗe tana kallon abin yana rawa a gilashi.

"Kai ɗan nan, wannan abin naka ai tafasa yake yi."

"Iska ce, Goggo."

"Wace iska? Ko ganye ba ya motsi. Ka dai ɗora shi a kan wutata."

Na ɗaga kai na bi saitin madubin da ido. Ashe kai tsaye ya bi ta saman madafa, inda aka wuni ana turara shanshera a rabin duro, garwashi bai gama mutuwa ba. Bayan madafar kuma rufin kwano ne jere, kowanne na amayar da zafin da ya sha da rana.

Ba ta yi kuskure ba, ni ma ban yi ba. Iskar da nake nufi ba wadda ke kaɗa ganye ba ce. Iska mai ɗumi da iska mai sanyi ba sa karya haske daidai da juna, kuma a samanmu kullum cakuɗuwa suke yi, dunƙule-dunƙule, wasu kamar tafin hannu, suna wucewa da gudu. Kowane dunƙule ya gifta sai ya ɗan karkatar da hasken. Shi ne abin da kake gani a saman murhu, ko a kan kwalta da tsakar rana, inda motar da ke tahowa daga Zungeru take narkewa tana haɗuwa. Hasken Mushtari yakan yi minti 34 yana tafe a sararin da babu komai, ya iso lafiya lau, sai a 'yan kilomitocin ƙarshe, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya dagule. Alhaji ne ya je Makka ya dawo ko tuntuɓe bai yi ba, ya zo dokin ƙofar zaure ya zame.

Washegari da hantsi ina zaune ina shan koko, Goggo na regaya, sai idona ya faɗa cikin ƙwaryar. Muddin tana juyawa ba ka ganin gindi, sai fari-fari da baƙi-baƙi suna miƙewa suna lanƙwashewa. Amma tsakanin juyi da juyi akwai wani ɗan tsayawa, ruwan ya lafa na ɗan lokaci ƙanƙani, sai ga tsakuwa ɓaro-ɓaro da kowane lungu nata, kafin hannu ya sake motsawa ta ɓace. Na karanta wannan a rubuce sau da yawa, amma sai ranar na gan shi. Sama ma haka take. A cikin tafasar nan akwai 'yan lokutan da iskar da ke gaban madubi take natsuwa, na kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ko makamancin haka. Yatsan mutum ba zai taɓa cafke su ba. Dabarar ita ce a daina neman hoto ɗaya. A ɗauki bidiyo, a ɗebo komai, mai kyau da maras kyau, sannan a zauna a rege.

Wani masanin Amurka mai suna David Fried ya yi lissafin wannan sa'ar a 1978, ya nuna cewa damar samun hoto mai kyau cikin gajeren ɗauka tana raguwa da sauri sosai in madubi ya ƙara faɗi. Dalilin a fili yake ga mai ƙwarya. Ruwan ƙaramar ƙwarya yakan lafa gaba ɗaya lokaci guda, na tafki kuwa in nan ya kwanta can na motsi. Shi ya sa manyan ɗakunan binciken taurari suka koma ga madubai masu lanƙwasa kansu sau ɗaruruwa a daƙiƙa don su warware abin da iska ta murɗe, wasu kuma aka harba su can sama da iskar baki ɗaya, kamar Habul a 1990. Talaka mai ƙaramin madubi shi sa'a ta fi yi wa murmushi, abin da ba kasafai ake gani a duniya ba.

Abin bai shigo hannun gama-garin mutane ba sai a farkon shekarun 2000. Wasu masu ƙwaƙwa suka kwance gilashin gaban kyamarar hira ta kwamfuta, musamman wata ta Philips da ake kira ToUcam, suka cusa ta a bakin madubi. Wani ɗan Holan, Cor Berrevoets, ya rubuta manhajar RegiStax ya sake ta kyauta. Sai ga Mirrihi, wato Mas, ta matso ran 27 ga Agustan 2003 zuwa kimanin kilomita miliyan 56, kusancin da ba ta yi irinsa ba cikin kusan shekara 60,000. A wannan shekarar mutane a bayan gidajensu suka fitar da hotunan da a zamanin fim sai dai manyan madubai, su ma ba kullum ba.

Dare na biyu na kwashe kayan na fita bayan gari, inda ƙasa ce da ciyawa, babu kwano babu murhu. Na fitar da madubin tun magariba na bar shi ya sha iska fiye da awa ɗaya. Gilashi mai kauri da ya wuni a ɗakin kwano yakan riƙe zafi, zafin kuma na tashi a cikin bututun kamar tururi a bakin tukunya, ka ga ka zo da murhunka a kafaɗa kenan. Kamar kunu ne, sai an fifita. Na kuma gyara saitin madubai biyun da ke ciki, domin girgizar hanya ta gocar da su. Sannan na yi abin da ya fi wuya, wato jira. Na bar Mushtari ta hau har kusan tsakar ka, wajen sha biyun dare. In abu na ƙasa-ƙasa, haskensa na ratsa iska mai kauri ninki uku ko huɗu. In ya zo saman kai sai ya bi gajeriyar hanya.

A nan ne Allah ya yi mana wata baiwa da ba mu cika sanin darajarta ba. Wushishi ba ta kai digiri goma arewa da tsakiyar duniya ba, duniyoyin nan kuwa hanyar rana suke bi, don haka kusan ta kanmu suke wucewa. A shekarun 2019 da 2020, lokacin da Mushtari da Zuhal suka karkata kudu, mai madubi a Landan yakan gan su digiri goma sha biyar zuwa ashirin kacal daga ƙasa, cikin tururin rufin gidaje. A daidai waɗannan darare suna sama da digiri hamsin da biyar a Wushishi. Akwai Baturen Ingila, Damian Peach, ɗaya daga cikin gwanayen wannan fanni, da ya sha ɗaukar kayansa zuwa tsibirin Babedos don neman irin wannan sama. Mu muna kwana a ƙarƙashinta kyauta. Hasken fitilun gari, wanda ke hana ganin ƙananan taurari a Minna ko Abuja, bai dami Mushtari ba, don ta fi ƙarfinsa. Ko ɗan siririn hazo ba ya hana aiki, sai in ya yi kaurin da rana kanta ke komawa kamar faranti. Na ma lura daren da sama ta wanke tas, taurari na ƙyalƙyali kamar an goge su, sau da yawa shi ne mafi muni, domin ƙyaftawar nan da ke burge ido ita ce tafasar. Daren da ya yi ɗan dishi-dishi, komai ya yi tsit, shi ke ba da kaya. Shinkafar da ta fi haske a tire ba lallai ita ta fi auki ba.

Na saita kyamara ta riƙa ɗaukar hoto ɗari a kowace daƙiƙa, na bar ta minti biyu. Hoto 12,000 kenan. Ba a wuce minti biyu ko uku, domin Mushtari ba ta zama a yi mata hoto. Duk girmanta, cikin ƙasa da awa goma take juyawa sau ɗaya, tsakiyarta na gudun kusan kilomita 45,000 a awa. In ka ja lokaci, gajimaren da ke nan a farkon bidiyo ya matsa kafin ƙarshe, sai a haɗa su su shafe juna, kamar hoton suna da yara suka ƙi tsayawa.

Da safe na zuba bidiyon a wata manhaja mai suna AutoStakkert, aikin wani ɗan Holan ɗin kuma, Emil Kraaikamp. Ita ce ƙwaryar. Takan bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ta auna kaifin kowanne, ta jera su daga na ƙwarai zuwa na banza, sannan ta tambaye ka nawa za a ajiye. Na ce 1,600.

Goggo na gefe tana tsintar wake, kunnenta na wajena.

"Nawa ka ce ka ɗebo?"

"Dubu goma sha biyu, Goggo."

"Ka ajiye nawa?"

Na faɗa mata. Ta ajiye faifai.

"Wannan ba regaya ba ce, almubazzaranci ne. Macen da za ta rege tiya takwas ta tashi da ɗaya, ai ranar za ta koma gidan ubanta."

Gaskiyarta, a nan kwatancen nawa ya yi ɗingishi. A shinkafa mai kyau ne mai yawa, tsakuwa ce kaɗan. A nan kuwa ƙaiƙayi ne ya cika buhu. Ta wannan fuskar abin ya fi kama da aikin masu wankin zinare a rafukan jiharmu ta Neja, waɗanda ke juya kwano guda na yashi su zubar da kusan duka don ɗan abin da ya kwanta a gindi. Amma hannun ɗaya ne, haƙurin ɗaya ne, kuma shawarar da ke gaban mai yi ɗaya ce: a ina zan tsaya? Mai regaya in ta cika tsanani ta bar shinkafa da yawa tare da tsakuwa, in ta cika sassauci yashi ya bi ta tukunya. Ni ma in na ajiye ɗari kacal, mafi kaifi, hoton zai fito da tsaki-tsaki kamar tuwon da bai tuƙu ba. In na ajiye dubu shida, zai yi sumul amma ya caɓe. Babu adadin da aka rubuta. Kowane dare da nasa, sai ka gwada biyu ko uku ka duba.

Me ya sa ma ba za a ɗauki guda ɗaya mafi kyau a huta ba? Saboda hoton da aka ɗauka cikin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa haske kaɗan ya samu, duk jikinsa yayyafin ɗigo-ɗigo ne da kyamara ke haifarwa. Sai dai ɗigon nan ba ya faɗawa wuri ɗaya sau biyu, alhali abin da ke jikin Mushtari na gaske yana nan inda yake a kowane hoto. In aka ɗora su kan juna, gaskiyar na ƙara kauri, yayyafin na cinye kansa. Lissafinsa ma sananne ne: hoto 100 na rage shi ninki goma, hoto 1,600 ninki arba'in. Kamar labarin abin da ya faru a kasuwa ne. Mutum ɗaya ya ba ka, da gishirinsa. Ka ji daga bakin mutum ɗari, ƙarin kowa ya sha bamban, abin da suka haɗu a kai shi ne ya faru.

Abin da ya fito bayan ɗorawar bai burge kowa ba. Ƙwallo ne mai laushi, da ɗamara biyu masu ruwan ƙasa a kwance, kamar ana kallonsa ta gilashin da aka huro wa numfashi. Saura mataki na ƙarshe, fito da kaifi, kuma a nan ne ake gane halin mutum. Akwai wasu 'yan maɓallai da ake ja a hankali. Ka ja kaɗan sai hazon ya yaye: ɗamarun nan su fito da ƙulle-ƙulle da zare-zare, fararen ƙwai su bayyana a kudu, jan tabon ya leƙo daga gefe, ko da yake a gaskiya ya fi kama da ruwan bulo, kuma ya rame ƙwarai, don a ƙarshen ƙarni na 19 tsawonsa ya kai kusan kilomita 40,000, yanzu kuwa bai fi faɗin duniyarmu da wani abin kirki ba. Daɗin abin sai ya ɗebe ka. Ka ƙara ja, ka ƙara, sai gefen duniyar ya yi zobe-zobe kamar albasa, wasu layuka da ɗigogi da babu su a sama su tsiro. Gishiri ne. Kaɗan ya fito da ɗanɗanon miya, da yawa kuma ba miyar kake ci ba. Na san masu ɗaukar hoton biki da ke goge amarya har uwarta ta wuce hoton ba ta gane ta ba, kuma na ga hotunan Mushtari da aka yi wa irin wannan kwalliya suna yawo a waya ana ta yabo. Ni ina ganin wannan ya fi ɓata hoto muni. Mai regaya cirewa take yi. Ran da ta fara zuba farin dutse don shinkafa ta yi nauyi, ta koma wata aba daban.

Ba tsabar tsattsauran ra'ayi ya sa na faɗi haka ba. Hotunan nan shaida ne, kuma akwai ranar da ake kiran shaidu. Ran 19 ga Yulin 2009, wani mutumin Ostareliya mai suna Anthony Wesley, wanda aikinsa na kwamfuta ne, yana ɗaukar Mushtari a bayan gidansa sai ya ga baƙin tabo kusa da ƙuryarta ta kudu, inda babu shi kwana biyu da suka wuce. Ya sanar. Manyan madubai a Hawai suka juya, Habul ma ya juya, aka tabbatar wani dutse ne daga sarari ya faɗa mata, shekara goma sha biyar cif bayan gutsattsarin tauraruwa mai wutsiya Shoemaker-Levy 9 sun yi mata irin wannan ruwan duwatsu a 1994. Da an san shi da ƙarin gishiri, wa zai juya madubin biliyoyi a kan maganarsa? Shekara ta zagayo, ran 3 ga Yunin 2010, ya kuma ga wata walƙiya ta kimanin daƙiƙa biyu a jikinta. Walƙiya a bidiyo ɗaya na iya zama tangarɗar kyamara. Sai ga Christopher Go a Sebu ta ƙasar Filifin, dubban kilomitoci daga can, da nasa bidiyon, walƙiya ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Duk wanda ya taɓa zaman jiran sanarwar Sarkin Musulmi a daren duban wata ya san abin da shaida na biyu daga wani gari ke nufi. Ko kumbon Juno, da ya isa Mushtari a Yulin 2016, masu kula da kyamararsa sun riƙa dogara da hotunan irin waɗannan mutane don sanin me ke ina kafin ya gifta.

Kafin hutuna ya ƙare Goggo ta yarda ta biyo ni bayan gari, da mayafi biyu saboda sanyi. Na cire kyamara na sa mata gilashin ido. Na riga na cika ta da labarin zoben Zuhal, sai na fara da ita. Ta duba ta ɗago.

"Ina zoben? Ni tsire na gani, tsoka ɗaya a tsinke."

Na fara kame-kamen bayani cewa zoben na nan, gefensa ne ya fuskance mu, kuma a watan Maris na 2025 zai shafe gaba ɗaya na ɗan lokaci, abin da ke faruwa duk bayan shekara goma sha uku zuwa sha biyar. Ba ta bari na gama ba. Ta miƙa tafin hannunta a kwance daidai idonta, ta ɗan karkata shi, ta mayar.

"Faifai ne ka kalla ta baki. To sai yaushe zai buɗe?"

"Sosai-sosai sai wajen 2032, Goggo."

"Allah ya kai mai rai."

Mirrihi ba ta fito ba tukuna, don haka na ba ta labarinta kawai: yadda a 2018 masu madubi suka yi shekara goma sha biyar suna jiran ta sake matsowa sosai, da ta zo sai ƙura ta tashi ta lulluɓe ta gaba ɗaya, har wata motar bincike mai aiki da hasken rana ta yi shiru tun watan Yuni ba ta sake magana ba. Ta ce ashe su ma suna hunturu.

Sannan na juya mata Mushtari. Wannan karon ta daɗe ba ta ɗago ba. Na san me take gani: ƙwallon da ɗamarunsa, da ɗigo huɗu a jere, watannin da Galileyo ya fara gani a Janairun 1610 da madubin da bai kai rabin rabin nawa ba. Na kuma san abin da take jira, don na ga ta riƙe numfashi. Ido ma yana regaya, in aka ba shi lokaci.

"Tsaya, tsaya. Ya tsaya. Kai, ya tafi." Ta yi shiru. "Ga shi kuma. Ikon Allah. Wannan ma kaza ce da 'ya'yanta."

A hanyar komawa ta tambaye ni ina nake zubar da dubu goman da na ƙi. Na ce ba na zubarwa, suna cikin kwamfuta har ta cika, domin akwai manhajar da ke bin tsofaffin bidiyo hoto-hoto tana neman irin walƙiyar da mutanen nan biyu suka gani, kuma tana iya kasancewa a cikin hoton da ya fi kowanne dagulewa. Ta ce daidai ne, ita ma tsaki na kaji ne, buntu na ɗaki in za a yi yaɓe. Ta ce gobe in tashi da wuri in kai mata buhu biyu inji, tunda ta ga dare ba ya yi mini wuya.